Alluran Feftaid Masu Tsokano Sinadarin Girma: Da Wane Ma'auni Za a Kwatanta Su?

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi bayani a kan wasu allurai da suka fara shigo mana ta intanet, waɗanda ake tallata wa matasa masu ɗaga ƙarfe da magidanta masu son rage tumbi, har ma da iyayen da ke ganin 'ya'yansu ba su kai tsawon sa'o'insu ba. Masu sayarwa suna kiran su feftaid, suna cewa aikinsu shi ne su sa jiki ya fitar da sinadarin girma nasa na kansa, don haka wai ba su da illa. Sana'ata harhaɗa magunguna ce, kuma tambayar da aka fi yi mini game da su ita ce wanne ya fi ƙarfi tsakanin sermorelin da ipamorelin da CJC-1295 da sauran 'yan'uwansu. Ina so in amsa wannan tambaya a bainar jama'a, amma da ma'aunin da ya kamata a auna kowane magani da shi, wato a duba wa aka gwada wa shi, har na tsawon wane lokaci, da kuma abin da ya canja a lafiyarsa bayan gwajin.

Sai an san yadda jiki ke sarrafa wannan sinadari kafin kwatancin ya yi ma'ana. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, wadda likitoci ke kira fituwitari, kuma ita ce ke fitar da sinadarin girma. Ba ta zubo shi a jere dare da rana, tana sakin sa ne kashi-kashi, kuma kaso mafi yawa yana fita jim kaɗan bayan mutum ya yi nisa cikin barci. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamos shi ke ba ta umarni ta hanyar sinadarai biyu da suke kamar totur da birki a mota: GHRH yana cewa a saki, somatostatin yana cewa a dakata. Idan sinadarin girma ya shiga jini, hanta takan amsa ta hanyar samar da wani sinadarin mai suna IGF-1, wanda ta hannunsa ne ake yin akasarin aikin tsawaita ƙashin yaro da gina tsoka. Idan IGF-1 ya yi yawa, shi da kansa yakan koma ya sa ƙwaƙwalwa ta taka birki. Feftaid kuwa ɗan gajeren jerin amino asid ne, irin tubalan da ake gina furotin da su, kuma waɗannan da muke magana a kansu an ƙera su ne a ɗakin gwaje-gwaje domin su kwaikwayi umarnin sakin.

Sun kasu gida biyu, kuma kowane gida da asalinsa. Gida na farko ya samo tushe ne a 1982, lokacin da ayarin Roger Guillemin da na Wylie Vale, dukansu a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya, suka gano siffar GHRH daga ƙarin da aka cire a jikin marasa lafiyar da sinadarin girma ya yi musu yawa. Sinadarin yana da amino asid 44, amma aka lura cewa guda 29 na farko sun isa su yi aikin. Waɗannan 29 ɗin su ne sermorelin. Kamfanin Serono ya sayar da shi da sunan Geref, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1990 domin gwada ko fituwitarin mutum na aiki, sannan a 1997 ta amince a yi wa yara masu ƙarancin sinadarin girma magani da shi. A 2008 kamfanin ya daina yin sa, kuma dalilin na kasuwanci ne, domin allurar sinadarin girma shi kansa, wadda ake samarwa ta fasahar zamani tun 1985, ta fi shi tsawaita yara, ita likitoci suka fi zaɓa. Raunin sermorelin shi ne rashin daɗewa, saboda akwai wani sinadari a cikin jini mai suna DPP-4 da ke datse shi, cikin minti goma zuwa ashirin rabinsa ya tafi. A wurina sermorelin magani ne mai tarihi na gaskiya, sai dai tarihin nasa a kan yara marasa lafiya aka kafa shi, ba a kan ƙato ɗan shekara talatin mai neman damtse ba.

Matsalar rashin daɗewar nan ce ta haifar da sauran biyun na wannan gida, kuma abin lura shi ne dukansu a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada aka ƙera su, aka kuma nufi cuta ɗaya da su, amma makomarsu ta sha bamban. Kamfanin Theratechnologies ya ɗauki cikakken GHRH mai amino asid 44 ya liƙa masa wani ɗan kariya a bakinsa don kada a yi saurin datse shi, ya kira shi tesamorelin. Cutar da aka nufa ita ce taruwar kitse a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, wadda ke samun wasu masu ɗauke da cutar ƙanjamau, musamman waɗanda suka sha tsofaffin magungunan cutar. An yi gwaji a kan mutum 412 na tsawon mako 26, aka buga sakamakon a 2007: kitsen cikin waɗanda aka yi wa allurar kullum ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100, na waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuma ya ƙaru da kashi 5. A kan wannan da wani gwajin makamancinsa FDA ta amince da shi a watan Nuwamba na 2010 da sunan Egrifta. A cikin duk waɗannan feftaid, shi kaɗai ne a yau yake da irin wannan izini na warkar da wata larura a jikin manya, kuma ya cancanci a ba shi wannan matsayi.

To amma ko shi ɗin, a karanta takardar da ke cikin kwalinsa a ga iyakarsa. Kitsen yana dawowa idan aka daina allurar. Nauyin jiki bai cika canjawa ba, shi ya sa takardar ta faɗa ƙarara cewa ba maganin rage ƙiba ba ne. Yana iya kawo ciwon gaɓoɓi da kumburin hannu da ƙafa, yana iya ɗaga sukarin jini, an kuma hana shi ga mai juna biyu da mai fama da ciwon daji. A Turai an janye takardar neman izininsa a 2012, ba a kai ga amincewa da shi ba. Wannan ya shafe mu, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna akwai kusan mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da ƙanjamau a Nijeriya, kuma wasunsu sun sha tsofaffin magungunan nan kafin a sauya su. Duk wanda ya ga cikinsa na girma alhali fuska da ƙafafu na ramewa, wurin likitan da ke duba shi ya kamata ya kai kukansa, domin akwai abubuwa da dama da ke kumbura ciki, ciki har da ciwon hanta, waɗanda wannan allura ba abin da za ta yi musu.

CJC-1295 shi ne ɗan'uwan da bai kai gaci ba, kuma shi ne aka fi yayatawa. Kamfanin ConjuChem ya ɗauki sermorelin ya sauya amino asid huɗu a jikinsa, sannan ya ƙara masa wani ƙugiya da ake kira DAC, wanda ke sa shi ya manne wa albumin, furotin mafi yawa a cikin jini. Da wannan dabara sai abin da ke ɓacewa cikin mintoci ya koma yana ɗaukar kwana shida zuwa takwas kafin rabinsa ya fita. Gwajin da aka buga a 2006 a kan mutane masu lafiya ya nuna allura ɗaya tana ninka sinadarin girma sau biyu zuwa goma har na kwana shida ko fiye, tana kuma ɗaga IGF-1 na kwana tara zuwa goma sha ɗaya. Waɗannan alƙaluma su ne masu talla ke ta maimaitawa, kuma gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne a wannan shekarar ta 2006 aka dakatar da gwajinsa a kan masu ƙanjamau bayan ɗaya daga cikin waɗanda ake gwajin a kansu ya rasu, kuma daga nan ba a kammala binciken ba, babu kuma wata hukuma a duniya da ta amince da shi a matsayin magani. Ba na cewa allurar ce ta kashe mutumin, domin ba a tabbatar da hakan ba. Abin da nake cewa shi ne an tsayar da binciken kafin a amsa tambayar ko yana da amfani da kuma ko yana da haɗari, kuma har yau amsar ba ta samu ba.

Daɗewar da ake yabon sa da ita ma abin dubawa ce. Wani binciken na 2006 ya nuna cewa a ƙarƙashin CJC-1295 fituwitari na ci gaba da sakin sinadarin kashi-kashi, amma a tsakanin saki da saki, lokacin da ya kamata jini ya kusan wofinta daga sinadarin, matakinsa yakan tsaya a sama ninki da yawa. Ke nan da'awar cewa jiki na aiki yadda aka halicce shi ba ta cika ba. Haka kuma idan illa ta bayyana, babu yadda za a yi a janye abin da ya riga ya manne wa jini, sai dai a jira mako ɗaya ko biyu. Ga kuma ruɗani a kan sunan: a kasuwa akwai abin da ake kira CJC-1295 marar DAC, wanda ba ya daɗewa ko kusa da na ainihin, amma sai a sayar da shi ana kafa hujja da gwajin da aka yi wa mai DAC. Mai saye ba shi da hanyar sanin wanne ne a cikin kwalbarsa.

Gida na biyu labarinsa ya fi ban sha'awa ta fuskar ilimi. Tun ƙarshen shekarun 1970 Cyril Bowers na Jami'ar Tulane da ke Amurka, tare da abokin aikinsa Frank Momany, suka lura cewa wasu 'yan gajerun feftaid da suka ƙera suna sa fituwitari ta saki sinadarin girma ta wata hanya dabam da ta GHRH. A 1984 suka bayyana GHRP-6, mai amino asid shida kacal. An shafe shekaru ana amfani da shi a bincike ba tare da an san inda yake kamawa a jiki ba, sai a 1996 masanan kamfanin Merck suka gano makarɓinsa. A 1999 kuma Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Jafan suka gano sinadarin da Allah Ya halitta domin wannan makarɓi, suka same shi a tumbin ɓera, suka sa masa suna girelin. Girelin shi ne sinadarin da ciki ke aikawa ƙwaƙwalwa idan yunwa ta taso. Wannan shi ya bayyana dalilin da ya sa wanda aka yi wa allurar GHRP-6 yakan ji yunwa ta taso masa ba da daɗewa ba, domin maganin kwaikwayon saƙon yunwa yake yi.

GHRP-2 ya fi GHRP-6 ƙarfi wajen fitar da sinadarin girma, kuma Jafan ta amince da shi a 2004 da sunan pralmorelin, amma domin gwaji kawai: a yi wa mutum allura sau ɗaya, a ɗebi jininsa, a ga ko fituwitarinsa na amsawa. Hexarelin, wanda aka fi bincikensa a Italiya, shi ma yana da ƙarfi, sai dai jiki yakan saba da shi idan aka daɗe ana yi, amsar ta riƙa raguwa. Dukansu ukun suna da aibi iri ɗaya, wato ba sa tsayawa a kan sinadarin girma kaɗai, sukan ɗaga kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, da kuma furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono. Babu ɗaya daga cikinsu da aka amince a riƙa yi wa mutum kullum a matsayin magani.

A nan ne ipamorelin ya samu farin jininsa, kuma ina so in ɗan daɗe a kansa domin shi ne ake cewa mai tsabta. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ne ya ƙera shi, yana da amino asid biyar, kuma rahoton da aka buga a 1998 ya nuna yana fitar da sinadarin girma ba tare da ya ɗaga kotisol ba, ko da an ninka adadinsa sau da yawa. Wannan sakamako ne mai kyau, amma a kan ɓeraye da aladu aka same shi. Gwaji mafi muhimmanci da aka yi masa a jikin marasa lafiya, wanda kamfanin Helsinn ya ɗauki nauyi, ba shi da alaƙa da tsoka ko tsufa ko tsawo. An gwada ne a ga ko zai sa hanji ya farfaɗo da wuri bayan tiyata, sakamakon bai nuna bambanci mai ƙarfi tsakaninsa da allurar da babu magani a cikinta ba, aka ajiye shi. Don haka idan aka ce ipamorelin ba shi da illa, abin da ake nufi a zahiri shi ne ba a taɓa bin mutane masu yawa da ke yin sa wata da watanni an ƙirga abin da ya same su ba. Haka zancen yake game da haɗa shi da CJC-1295 a sirinji ɗaya, wanda shi ne abin yayi. Tun tuni aka san cewa idan aka haɗa ɗan gida na farko da ɗan gida na biyu, sinadarin da ke fita yakan zarce jimillar abin da kowannensu zai fitar shi kaɗai, amma babu wani babban gwaji da ya nuna wannan haɗin ya ƙara wa mai lafiya ƙarfi ko ya tsawaita masa kwana.

Akwai wanda ba feftaid ba ne amma a layi ɗaya ake sayar da shi, kuma shi ya fi ba mu haske domin an fi gwada shi, wato MK-677 ko ibutamoren, ƙwayar da kamfanin Merck ya ƙera wadda ake haɗiya. A gwajin da aka buga a 2008, an ba dattawa 65 masu lafiya, 'yan shekara 60 zuwa 81, ko dai maganin ko ƙwayar da babu komai a cikinta. Bayan shekara guda sinadarin girman masu shan maganin ya koma kamar na matasa, naman jikinsu wanda ba kitse ba ya ƙaru da kimanin kilo ɗaya, amma ƙarfinsu da kuzarin tafiyarsu ba su ƙaru ba, sukarin jininsu kuma ya ɗan hau. Wani gwajin da aka yi a kan tsofaffin da suka karye a ƙugu an tsayar da shi kafin lokaci saboda an ga alamar gazawar zuciya a wasu daga cikin masu shan sa. Akwai wasu biyu masu aiki ta hanya ɗaya da shi: macimorelin, wanda FDA ta amince da shi a 2017, na gwajin fituwitari ne kawai, anamorelin kuma Jafan ta amince da shi a 2021 domin masu ciwon daji da suka rame, bayan hukumar magunguna ta Turai ta ƙi shi a 2017.

Labarin MK-677 shi ne zuciyar wannan wasiƙa. Dukan waɗannan magunguna suna ɗaga sinadarin girma a cikin jini, wannan babu musu, amma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Hawan lamba a takardar gwajin jini ba shi ne samun lafiya ba. Ko sinadarin girman shi kansa, wanda ya fi su duka ƙarfi, bai cika alkawarin da aka ɗora masa ba. A 1990 wani likita a Amurka mai suna Daniel Rudman ya yi wa dattawa 12 allurarsa na wata shida, naman jikinsu ya ƙaru, kitse ya ragu, kuma daga wannan ɗan ƙaramin gwaji aka gina kasuwar maganin tsufa a Amurka. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya suka yi musu nazari a 2007, sai suka tarar da canjin kaɗan ne, kumburi da ciwon gaɓoɓi da dannewar jijiyar hannu kuma sun yawaita. Wani kaso na nauyin da ake murna da shi ma ruwa ne da jiki ya riƙe. A ɗaya gefen kuma mun san abin da yawan sinadarin ke yi idan ya daɗe, domin akwai cutar akromegali, inda ƙari a fituwitari ke fitar da shi fiye da kima: hannuwa da ƙafafu da muƙamuƙi su yi girma, ciwon suga da hawan jini su shigo, zuciya ta kumbura. IGF-1 kuma sinadari ne mai sa ƙwayoyin halitta su hayayyafa, shi ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da shi ga duk wanda ke da ciwon daji ko ake zargin yana da shi.

Duk abin da na faɗa a sama game da magunguna na ainihi ne, waɗanda kamfanoni suka ƙera a ƙarƙashin sa ido. Abin da ke isowa hannun matasanmu wani abu ne dabam. Wani saurayi mai zuwa gidan motsa jiki ya taɓa kawo mini tasa domin in nuna masa yadda ake haɗawa. 'Yar kwalba ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, da murfin roba mai launin shuɗi, a gindinta akwai ɗan farin gari da ya dunƙule. A jikin takardar an rubuta da Turanci cewa domin bincike ne kawai, ba domin amfanin ɗan Adam ba, babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar NAFDAC. Ya ce mini a cikin jakar wani matafiyi ta zo, ta kuma yi kwanaki a aljihun jakarsa ta goyo a tsakiyar zafin bazara, kuma su uku suka yi karo-karo suka saya. Na ƙi haɗa masa, na kuma gaya masa dalili. Wancan rubutu na Turanci kariya ce ga mai sayarwa, domin da shi yake zame wa doka idan wani abu ya faru. Feftaid abu ne mai saurin lalacewa a zafi, musamman bayan an zuba masa ruwa, kuma kowa ya san halin wutar lantarkinmu da firjinmu. Ba wanda ya tabbatar da abin da ke cikin garin, ko yawansa, ko tsabtarsa daga ƙwayoyin cuta. Idan kuma mutum uku suna tsoma allura a kwalba ɗaya a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, to haɗarin ya wuce na maganin. Ko a Amurka, a 2023 FDA ta sanya ipamorelin da CJC-1295 da wasu irinsu a jerin sinadaran da ta ce suna iya zama haɗari idan masu harhaɗa magunguna suka haɗa wa mutane su.

Ga 'yan wasanmu kuma, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta dukan waɗannan, har da sermorelin da tesamorelin, a lokacin gasa da wajenta. A Ostareliya, 'yan wasan zari-ruga da dama na ƙungiyar Cronulla sun karɓi hukuncin dakatarwa a 2014 saboda CJC-1295 da GHRP-6 da aka ba su a 2011. Yaron da ke mafarkin buga ƙwallo a Turai ya san da wannan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tallan da ake yi wa iyaye da kuma samari masu son ƙarin tsawo. Dogayen ƙasusuwa suna tsawo ne ta wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshensu, kuma wannan guringuntsi yakan rufe ya zama ƙashi bayan an gama balaga. Daga ranar da ya rufe, babu allura ko ƙwaya da za ta ƙara wa mutum ko da rabin inci, duk wanda ya ce akwai kuwa kuɗinka yake so. Game da yara, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma abin ya haura rabi. Wannan tsumburewa ba daga fituwitari take ba. Tushenta ƙarancin abinci mai gina jiki ne tun daga ciki zuwa shekara biyu, da yawan gudawa, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki. Hasali ma, yaron da tamowa ta kama sau da yawa sinadarin girmansa a sama yake, IGF-1 ɗinsa ne ke ƙasa, saboda hanta ba ta da kayan aikin da za ta amsa umarnin. Tsokano ƙarin sinadari a irin wannan jiki aikin banza ne, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da wake da gyaɗa da kifi na makonni. Ƙarancin sinadarin girma na gaskiya yana nan, amma ba kasafai ake samun sa ba, kuma ba a gane shi da ido. Sai an riƙa auna tsawon yaro ana rubutawa na watanni, an ɗauki hoton ƙashin hannunsa, an duba ko sikila ce ko ciwon ƙoda ko matsalar sinadarin maƙoshi, wato tayirod, sannan a yi gwajin jini na musamman. Akwai likitocin yara masu wannan ƙwarewa a manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma idan an tabbatar da cutar, maganin da aka sani shi ne sinadarin girman kansa, a hannun likita.

Mun riga mun ga yadda aka yi da sha-ka-fashe, inda magungunan da aka yi domin wasu cututtuka suka koma abin neman ƙiba, mata da yawa suka ƙare da kumburin fuska da hawan jini da ciwon suga. Alluran feftaid suna kan wannan turba, bambancin kawai shi ne sun fi tsada, kuma suna zuwa da sunaye masu lambobi da ke sa mai ilimi ma ya ɗauka kimiyya ce tsantsa. Don haka ina kira ga NAFDAC da ta sa ido a kan shafukan Instagram da TikTok da zaurukan WhatsApp da ake tallata su, ta kuma haɗa kai da hukumar kwastan game da ƙananan ƙunshin da ke shigowa da sunan kayan bincike. Ina roƙon 'yan'uwana masu harhaɗa magunguna da masu kemis da kada su sayar da sirinji da ruwan allura ga wanda ya zo da kwalbar da ba ta da rajista, su zaunar da shi su yi masa bayani cikin mutunci, domin yawancin yaran nan ba 'yan shaye-shaye ba ne, gyaran jiki suke nema aka yaudare su. Masu gidajen motsa jiki su ma su san cewa duk abin da mai horarwa ya sayar a ƙarƙashin rufinsu, da su za a yi kuka.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon jaridarka da ta tura wakili ya zagaya gidajen motsa jiki na Kano da Kaduna da Abuja ya ji daga bakin matasan abin da suke saye da nawa suke biya, sannan a gayyato likitan da ya ƙware a cututtukan sinadaran jiki ya amsa tambayoyin masu karatu a shafinku na lafiya. Wanda kuma ya riga ya fara yin waɗannan allurai, shawarata ita ce ya dakata, ya je a auna masa sukarin jini da hawan jini, ya tafi da kwalbar a hannunsa ya nuna wa likita.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani mai harhaɗa magunguna,
Kano.